Yadda ake toshe kafar hancin ɓera ɗaya don auna sauyin aikin ƙwayoyin gado a ƙwaƙwalwa

Hancin ɓera ya dace da wannan gwaji saboda jijiyoyin kowace kafa suna kai saƙonsu ne ga ƙullutun wari na gefensu, wato ɗan dunƙulen nan da ke gaban ƙwaƙwalwa. In an toshe kafar dama, ƙullutun dama ne zai rasa saƙo. Tun shekarun 1970 ake amfani da dabarar, kuma aikin Peter Brunjes, mai binciken jijiyoyin wari, ya nuna cewa in an rufe kafa ɗaya washegarin haihuwa, ƙullutun wannan gefen yakan gaza ɗan'uwansa girma da kusan kashi 25 cikin ɗari bayan kwana 30. Kada a taɓa dabba sai da izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji. Kuma kafa ɗaya kawai ake toshewa, domin ɓera ta hanci yake numfashi; toshe biyun kisa ne.

Hanyar rufewa iri biyu ce. Ga jarirai, ana sanyaya su har su daina motsi, a yi wa bakin kafar lalas na kamar daƙiƙa ɗaya, tabon ya haɗe ta. Wannan ba ya buɗuwa. Ga manya toshi ya fi, don ana iya cire shi a ga ko abin da ya sauka zai sake hawa. A yanki bututun roba mai lamba PE-50 tsawon milimita 2, a fiƙe baki ɗaya, a ƙulla zaren siliki na ɗinkin tiyata a ja ƙullin cikin bututun har ya cike ramin, a bar ɗan wutsiyar zare a waje. A sa ɓeran barci da isofulorin, a shafa wa toshin basilin kaɗan, a tura shi da hantsaki a hankali har ya shige. In ya cije, a janye a gyara kwana. Turawa da ƙarfi na jawo jini da kumburi, kumburi kuwa na tayar da ƙwayoyin gado na garkuwar jiki, su cika sakamakon da hayaniya. Wutsiyar zaren in ta yi tsawo, ɓeran zai fizge ta da ƙafa wajen gyaran fuska.

Tabbatar da toshewar shi ne inda aka fi sakaci. A ɗiga ruwan Triton X-100, wani sinadari mai kumfa kamar sabulu, mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari a bakin kafar a zuba ido. Kumfa ko ɗaya na nufin iska na wucewa. A maimaita wannan lokaci-lokaci, da kuma ranar ƙarshe, domin toshi kan faɗi ba a sani ba. Makonni huɗu ne aka fi yi.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne ɗaukar buɗaɗɗen gefe a matsayin lafiyayye. Iskar da kafa biyu ke rabawa yanzu duk ta nan take bi, ba hutu, shimfiɗar cikin hancin tana shan bushewa da ƙura fiye da ƙima. Ƙullutan biyu kuma suna aika wa juna saƙo ta igiyar jijiyoyin da ta haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa ta gaba. Toshen gefen ma ba a raba shi da wari ɗungurungum ba, wani na zagayowa ta bayan hanci. David Coppola, wani mai binciken wari, ya daɗe yana jan kunne kan wannan. Don haka dole a ware rukuni na uku: ɓerayen da aka sa barci, aka taɓa hancinsu, ba a toshe ba. A kuma riƙa sauya gefe, wasu dama wasu hagu.

Ranar cire nama, a fitar da ɓerayen a sa'a ɗaya ta yini, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sun jima a sabon ɗaki ba. Dalili kuwa, ƙwayoyin gadon da ake kira Fos da Egr1 masu saurin farkawa ne. Cikin kamar minti 30 da shaƙar sabon wari saƙonsu ya hau. Turaren mai aiki ko warin keji na kusa ya isa ya rikita su. A raba ƙullutan biyu da wuƙa a tsakiya, kowanne da kwalbarsa da aka rubuta wa gefe tun da farko, a jefa cikin ruwan naitirojin, a ajiye a firiza mai awo 80 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius. A fitar da RNA, wato saƙon da ƙwayoyin gado ke fitarwa in suna aiki, da ruwan sinadarin TRIzol, a wanke ragowar DNA, a karɓi samfurin da awon tsabtarsa na 260/280 ya kusa 2.0, lambar ingancinsa ta RIN ta kai 8.

Kafin a kashe kuɗi kan karanta dukkan ƙwayoyin gado, a fara auna ƙwayar gado ɗaya, Th, da qPCR, wato gwajin da ke auna yawan saƙon ƙwayar gado. Th ce ke sarrafa sinadarin da ake fara haɗa dofamin da shi a ƙananan ƙwayoyin jijiya na saman ƙullutun, kuma mai binciken jijiyoyi Harriet Baker ta nuna tun shekarun 1980 cewa tana faɗuwa in saƙon hanci ya yanke. Ɓeran da Th ba ta sauka a toshen gefensa ba, a fitar da shi daga lissafi. Gad1, Fos da Egr1 su ma sauka suke. A shimfiɗar hanci kuwa S100a5 da Kirrel2 na sauka, Kirrel3 na hawa, don haka kada a zaci komai ƙasa zai yi: jijiyar da ta rasa wari takan ƙara kaifin jinta.

A daidaita awo da ƙwayoyin gado biyu ko uku da aka gwada ba sa motsi, kada a dogara da Gapdh kaɗai, wadda aka saba daidaita awo da ita. Wajen lissafi, dama da hagu na ɓera ɗaya a gwama su a matsayin tagwaye, kuma ramuka uku na farantin qPCR daga nama ɗaya ɓera ɗaya ne, ba uku ba.

Wasu kan ɗauki gajeriyar hanya da allurar metimazol ko ɗigon zinc sulfate a hanci. Waɗannan kashe jijiyoyin suke yi, sabbi su tsiro cikin makonni, sai sakamakon ya cakuɗa rashin wari da mutuwar jijiya da kumburi. In tambayar ita ce abin da shirun hanci kaɗai ke yi wa ƙwaƙwalwa, a tsaya kan toshi.