Yadda Ake Samun Tashar Rediyo Mai Wuyar Samu a Cikin Turereniyar Masu Kira

A wajen masu sha'awar rediyon gajeren zango, waɗanda ke da lasisin aika saƙo daga gidajensu, ba kowace tuntuɓa ce ke da daraja ɗaya ba. Ƙungiyar ARRL ta masu sha'awar rediyo a Amurka ta kasa duniya zuwa yankuna 340 a tsarinta na ba da lambar yabo da ake kira DXCC, kuma wanda ya tabbatar da tuntuɓa da 100 daga cikinsu ya cancanci takardar shaida. Jamus da Japan kullum ana samunsu, amma Koriya ta Arewa ko tsibirin Bouvet, wanda ke ƙarƙashin ƙasar Norwe a kudancin Tekun Atlantika, sai a shafe shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba. Saboda haka, idan wata tawaga ta sauka a irin waɗannan wurare, kamar yadda tawaga mai lambar kira 3Y0J (haruffa da alƙaluman da ake gane tasha da su) ta sauka a Bouvet a watan Fabrairun 2023, dubban mutane ne ke kira a lokaci guda, alhali mai amsawa mutum ɗaya yake iya ɗauka a kowane karo.

Matakin farko ana yin sa ne tun kafin a kunna rediyo. Tawagogi sukan sanar da zangunan da za su yi aiki a kansu, don haka ka nemi wannan jadawalin, ka kuma lura cewa da agogon duniya na UTC ake lissafi, wanda Najeriya da Nijar suka ɗara da awa 1. Zangon mita 20, 17 da 15 sun fi buɗewa da rana zuwa yamma, na mita 40 da 80 kuwa sai dare ya yi, kuma lokacin fitowar rana da faɗuwarta yakan buɗe hanyoyi masu nisa na ɗan taƙaitaccen lokaci. Idan eriyarka mai juyawa ce, ka fuskantar da ita inda ya dace. Daga Kano ko Maraɗi, alal misali, Bouvet kusan kudu sak yake.

Da ka ga an sanar da tashar a shafukan intanet da ake kira DX Cluster, kada ka yi gaggawar kira. Ka saurara har sai ka ji lambar kiranta da kunnenka, domin masu sanarwa sukan yi kuskure, kuma akwai ɓata-gari da ke sojan gona da lambar tashoshi. In ba ka jin tashar sosai yadda za ka gane lambarka idan ta ambace ta, kiranka ba shi da wani amfani illa ƙara hayaniya.

Mataki na gaba shi ne ginshiƙin aikin duka. Tasha mai wuyar samu ba ta saurare a gurbin da take magana, domin da ta yi haka masu kira za su danne muryarta. Takan yi magana a wuri ɗaya, ta saurara a sama da shi, galibi kilohaz 5 zuwa 10 idan da murya ne, ko kilohaz 1 zuwa 2 idan da bugun Morse ne. Rediyoyin zamani suna da VFO biyu, wato na'urorin saita gurbi A da B, saboda wannan: ka ajiye A a gurbin tashar don saurare, ka ajiye B a inda za ka yi kira, sannan ka danna maɓallin raba gurbi, ka sake dubawa kafin ka taɓa makirufo. Wanda ya manta ya yi kira a kan gurbin tashar zai ji ihun mutane suna korar sa, su kuma masu ihun, in za a faɗi gaskiya, ɓarnarsu ta fi tasa.

Tazarar kilohaz 5 faɗi ne babba, kuma mai amsawa wuri ɗaya kaɗai yake ji a kowane lokaci, don haka aikinka shi ne gano wannan wurin. Da zarar ya ambaci lambar wani, ka koma VFO na B da sauri, ka murɗa har ka ji mai kiran da ke ba shi rahoton ƙarfin sigina. Ka maimaita haka sau da yawa, za ka fara ganin ɗabi'ar mai amsawar. Wani yakan tsaya a wuri ɗaya ya ɗauki mutane da dama, wani yakan matsa sama kaɗan bayan kowace tuntuɓa har ya kai ƙarshe ya dawo ƙasa, wani kuma gefen cunkoson yake bi, inda muryoyi ba su cakuɗe ba. Idan ka gane cewa sama yake tafiya, ka tsaya kaɗan a gaban wanda aka ɗauka na ƙarshe, kamar mai taren mota a gaban tasha. Da wannan dabarar mai wat 100 da eriyar waya yakan riga mai kilowat guda wanda ke ta kira a inda ba a saurare.

Kiran kansa gajere ne. Ka jira mai amsawa ya kammala da wanda yake magana da shi, sannan ka faɗi cikakkiyar lambarka sau ɗaya da haruffan da duniya ta amince da su, irin su Alfa, Bravo da Charlie, ka saki maɓalli ka saurara. Ba a ambaton lambarsa, ya san ta. Ba a kuma faɗin haruffa biyun ƙarshe kaɗai, domin hakan yana tilasta masa sake tambaya. Idan ya kama wani ɓangare na lamba wanda bai yi daidai da taka ba, ka yi shiru. Haka nan idan ya ce Asiya kawai yake nema. Amma in ya nemi Afirka, mai lambar 5N ta Najeriya, 5U ta Nijar ko 9G ta Ghana ya samu damar da ba ta cika zuwa ba, tun da masu kira daga nahiyar ba su da yawa.

Tsarin FT8, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, ya sauƙaƙa wa masu ƙaramin ƙarfi. A nan kwamfuta ce ke musayar saƙo a zagayen daƙiƙa 15, don haka dole agogonta ya zama daidai. A tsarin tawagogi na WSJT-X, manhajar da ake yin FT8 da ita, masu kira suna tsayawa sama da haz 1000, a bar wa tashar ƙasa da haka.

Idan mai tashar ya amsa maka, ka tabbata lambarka ya faɗa daidai. In akwai kuskure, ka gyara kafin ka ba da rahoto, domin da ka ce 59, wato rahoton da ke nufin ana jin sa sarai da ƙarfi, zai ɗauka komai ya kammala ya wuce. Ka rubuta lokaci da zango a kundinka nan take. Yawancin tawagogi suna ɗora kundinsu a shafin intanet na Club Log, sai ka duba can kafin ka sake kira a zango ɗaya da tsari ɗaya, sannan ka nemi tabbaci ta katin shaidar tuntuɓa na QSL ko ta LoTW, kundin intanet na ARRL.