Yadda Ake Buga Gasar Ces Ta Kwana-Kwana A Intanet

Tun da muka fara zama da allon ces da yamma a Tudun Wada, nan Gombe, 'yan uwa ke ta tambayata yadda ake gasar kwana-kwana a intanet, wato wadda ake ba kowa kwanaki ya yi tunani kafin kowane motsi. Ga matakan:

1. Buɗe asusu a Chess.com, ka shiga sashen gasar kwana-kwana.

2. Zaɓi kwana 3 ga kowane motsi. Da yanayin wutar NEPA da data a nan, kwana 1 ya yi kaɗan.

3. Ware lokaci guda kullum, ni bayan Isha'i nake dubawa.

4. Jera wasan a kan allonka na gida.

5. Duba abin da abokin karawarka ke ƙullawa kafin ka taɓa komai.

6. Nemo ɗan wasanka da ya fi zaman banza, ka gyara masa wuri. Doki a tsakiyar allo ya fi doki a gefe.

7. Yi haƙuri da tura sojojin gaban sarkinka. Soja ba ya komawa baya, nan ne yawancinmu ke faɗuwa.

Gargaɗi: kada ka nemi manhajar kwamfuta ta zaɓa maka motsi, ana rufe asusu a kan haka.

8. Sake dubawa sau ɗaya, sannan ka tura. Idan lokacinka ya ƙare, wasan ya tafi ko da kai ke kan gaba.