Yadda za ku zaɓa wa matashinku manhajar Littafi Mai Tsarki don karatun gida

1. Ku fara da faston ikilisiyarku. Littafi Mai Tsarki na Katolika na da littattafai 73, na ɗarikun Furotesta 66, koyarwa kan baftisma da Jibin Ubangiji kuma ta bambanta. Ku nuna masa manhajar, wato tsarin darussan, kafin ku biya ko sisi.

2. Ku gwada yaron. Ku ba shi Markus sura 4 ya karanta misalin mai shuka da Hausa da kuma Turanci, ya rufe littafin, ya maimaita muku da bakinsa. Nan za ku gane ko Hausa ce ta fi zauna masa ko Turanci.

3. Wannan matakin ya fi duka muhimmanci a wurina. Ku buɗe darasi ɗaya daga tsakiya. In cike gurbi ne kawai da haddar ayoyi, ku ajiye ta, ta ƙananan yara ce. Ɗan shekara 15 yana da tambayoyi masu nauyi: me ya sa Ayuba ya sha wahala, me ya sa Dauda ya faɗi. Manhaja mai kyau za ta sa shi karanta surar gaba ɗaya, ta bar masa fili ya yi tambaya ba tare da tsoro ba.

4. Yawancin manhajojin karatun gida daga Amurka suke, da dala ake saye. Ku nemi darasin gwaji tukuna.

5. In zai rubuta WAEC ko NECO, ku gwada ta da manhajar CRS, wato darasin addinin Kirista na jarrabawar.

6. Ku yi wata guda da ita, sannan ku tambaye shi ra'ayinsa.