Yadda ake riƙe shagon hatimi a ƙaramin gari

Wanda zai buɗe shagon hatimi a gari irin namu Malumfashi, ya fara neman wurin zama kafin ya yi zancen inji. Hatimi ba abin saye kullum ba ne, mutum kan yi guda ya daɗe bai sake waiwayarka ba. Don haka ka zauna inda masu takarda ke kai da kawowa: gefen sakatariya, ko kotu, ko banki, ko layin masu hoton takardu. Rumfa mai tebur ɗaya ta isa, muddin tana da ƙofar da ake sa wa kwaɗo, domin abin da za ka riƙa ajiyewa a ciki sunayen mutane ne da na ofisoshinsu.

Masu kawo aiki ba su da wuyar sani. Akwai shugabannin firamare da na Islamiyya, masu kemis, ƙananan asibitoci, ƙungiyoyin manoma da na gama-kai, dillalan hatsi masu yanka rasit, masu POS, sai dagatai da masu unguwanni. Wasu daga Kafur ko Ƙanƙara suke zuwa, kuma so suke su koma da abinsu a ranar. Makarantu sun fi motsi a watan Satumba da lokacin rabon sakamako, ƙungiyoyi kuwa duk sanda aka ce za a ba da rance ko taki.

Ni da reza na koya, kuma har yau duk yaron da ya zo wurina da ita nake sa shi ya fara, ko da ya iya kwamfuta. Ana samun roba mai faɗi mai ɗan tauri, irin ta tafin takalmi, a goge fuskarta da sanfefa mai laushi har ta yi sumul. Ka rubuta abin da ake so a farar takarda da fensir mai duhu, ka kifa takardar a kan robar, ka murza bayanta da farce. Rubutun zai hau robar a juye, kuma a juyen ake son sa, don in an buga ya fito daidai. Daga nan ka karya reza a karkace ta yi tsini, ka naɗe gindinta da salatif saboda yatsu.

Sirrin sassaƙar yana cikin yadda ka kwantar da rezar. Kada ka yanka a miƙe, kada kuma ka shiga ƙarƙashin harafi. Ka karkata bakinta waje, yadda kowane harafi zai zama mai faɗin gindi da siririn kai, kamar katangar ƙasa. Harafin da aka yi wa haka yana jure dannawa. Wanda aka ƙwaƙule masa gindi, in an buga lanƙwashewa yake, rubutu ya fito da inuwa, kafin a jima ya ɓalle. Ka fara da cikin haruffa, ramukan a da o da e da d, tun robar na da ƙarfin riƙe kanta, sannan ka bi gefuna, a ƙarshe ka kwashe filin da ya rage. Robar ake juyawa, hannun da ke riƙe da reza yana nan inda yake. In ka gama, ka duba a madubi, ka gwada a takarda, ka manna a katako da gam, ka sa 'yar alama a mariƙin don mai shi ya san sama da ƙasa. Yaron da ya sha wannan wahala, in ya hau kwamfuta ba ya cusa layi bakwai a hatimin da zai ɗauki huɗu, don ya san abin da roba ke iya riƙewa.

Abin da ke ciyar da shago yau dai ruwan folima ne, wani ruwa mai kauri da ke daskarewa in hasken wata fitila ta musamman da ake kira UV ya taɓa shi. Za ka buƙaci kwamfuta mai manhajar zane ta CorelDraw, firinta ta leza, akwatin fitilun, gilashi biyu masu kauri, fim (leda mai kauri da haske ke ratsawa) mai ɗaukar bugu, ledar rufi, soso mai gam na yin shinge, ledar baya, da burushi mai laushi. Mu Kano muke zuwa ta hanyar Dayi da Gwarzo, mu sayo a wajen masu kayan ɗab'i na Sabon Gari. Manyan oda kuwa daga Legas ake turowa, inda Shomolu ta yi suna a harkar buga takardu.

Ka tsara rubutun, ka juya launinsa: fili baƙi ƙirin, haruffa fayau. Ka buga a fim, ka ɗaga shi saitin rana ka duba. In haske na ratsa baƙin, kada ka ci gaba, domin duk inda haske ya ratsa ruwan zai daskare, ramukan haruffa su cike. Ka sake bugawa, ko ka fesa maganin ƙara duhu, ko ka haɗa fim biyu daidai wa daida. Yawancin hatimin da ke fitowa a dagule daga nan matsalarsu take, amma sai a ɗora wa ruwan laifi.

In fim ya yi, ka shimfiɗa shi a gilashi, ka rufe da ledar rufi ba tare da ta tattare ba, ka kewaye shi da soson shinge, ka ɗan bar ƙofa a kusurwa don rarar ruwa ta samu mafita. Ka zuba ruwan a hankali daga gefe guda ya malala da kansa. Kumfar iska da ta taso, ka bi ta da allura ɗaya bayan ɗaya. Kumfa guda a kan harafi rami ce a hatimi. Ka ɗora ledar baya, ɓangarenta mai kaushi na kallon ruwan, ka kifa gilashi na biyu ka matse. Ana fara haska baya na ɗan lokaci don a yi wa hatimin daɓe, sannan a juya a haska ta wajen fim na lokaci mai tsawo don haruffa su tashi. In hasken baya ya yi yawa, daɓen zai yi kauri, haruffa su gajarce, tawada ta riƙa taɓa fili. In ya yi kaɗan, ƙananan ɗigo su zube wajen wanki. Kowane akwati da ƙarfin fitilunsa, fitila kuma tana raguwa da tsufa, saboda haka ka yanka ƙananan gwaji, ka rubuta lokacin da ya yi maka daidai ka liƙa a jikin akwatin. Kada ka kalli fitilun suna kunne, kuma ka sa safar hannu, ruwan na sa wa wasu ƙaiƙayi.

Sai wanki da ruwan sabulu da burushi har ramuka su fita tas, a mayar da shi ƙarƙashin fitila yana cikin ruwa don danƙon ya tafi, a shanya, a yanka da almakashi, a manna. Da hunturu ruwan kan yi kauri ya riƙe kumfa, ga ƙura na sauka a gilashi, don haka nakan sa gorar folimar a cikin ruwan ɗumi kafin in zuba, in kuma rufe ƙofa. Da bazara kuwa gudu yake, sai ka kula da shinge. Kullum dai a ajiye shi a duhu. Batun wuta, akwatin fitilun ba ya ci da yawa, ƙaramar sola na ɗaukarsa. Firintar leza ce mai ja, shi ya sa nake tara aikin bugu in yi shi gaba ɗaya in an kawo wuta ko an tada janareta.

Akwai kuma injin filasha, mai walƙiya ɗaya a kan wani soso na musamman. Shi haruffa ne baƙi, fili fari: inda haske ya samu soson sai ya toshe, inda baƙin ya kare sai ya zauna a buɗe tawada ta riƙa tsatsowa. Yana da sauri, yana fitar da tambari da kyau. Injin leza mai ƙona roba ya fi su duka, amma kuɗinsa da cin wutarsa sun fi ƙarfin mai farawa a ƙaramin gari.

Mariƙi iri biyu ne, na katako ko roba da ake dangwalawa a kushin tawada, da mai tawada a ciki. A na biyun za ka fi cin karo da samfurin kamfanonin Trodat da Colop, dukansu na ƙasar Ostiriya, da Shiny na Taiwan, ga kuma jabunsu birjik. Ka haddace girma: Trodat 4911 tsawon milimita 38 ne da faɗin 14, 4912 kuwa 47 da 18, sai 4913 mai 58 da 22. Na da'ira, mai faɗin milimita 40 ko 42 makarantu suka fi so. In za ka sayi mai kwanan wata, ka murza bel ɗin shekaru har ƙarshe ka gani, don akan sayar wa mutum tsohon kaya da shekarunsa suka kusa ƙarewa. Tawadar filasha mai mai ce, ta kushin yau da kullum mai ruwa ce, kada a gauraya su. Ka gaya wa mai saye da bakinka, in ba haka ba gobe zai ɗura ta biro ya dawo ya ce aikinka ne bai yi ba.

Rubutu kuwa, mai aiki ya rubuta abin da yake so da hannunsa, ka tsara, ka buga masa a takarda, ya karanta ya sa hannu kafin ka taɓa ruwa. Ka zaɓi haruffa masu kauri irin Arial, kada girmansu ya sauka ƙasa da lamba 7. Sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ a sa masa lanƙwasarsa. Ba kowane salon haruffa ke da su ba, wani sai ya fito maka da ɗan akwati a gurbinsu, don haka ka duba. Ƙanƙara ba Kankara ba ce, kuma mutanen garin suna lura. Aikin Islamiyya ya fi neman natsuwa, don wata kwamfutar kan wargaza Larabci, ta raba haruffan da ya kamata su haɗu ko ta jero su daga hagu. Ko ka iya karatu, ka ba malamin ya duba ɗigo da kansa. Ayar Alƙur'ani kuwa nakan roƙi kada a sa ta, saboda takardar da aka buga wa hatimi ba a san inda za ta ƙare ba.

Akwai aikin da ba a karɓa ko nawa za a biya. Duk wanda ya zo da takarda mai hatimi a jiki ya ce a yi masa irinsa, ko ya nuno hotonsa a waya, ka ce a'a. Hatimin makaranta, asibiti, ofishin gwamnati ko masarauta, sai da wasiƙa a takardar ofishin mai sa hannun shugaba, ka kuma kira shi ka ji daga bakinsa. A gari irin namu wannan ba ya cin lokaci, kowa ya san kowa. An taɓa kawo mini aikin wata makaranta da wasiƙa mai kyau, da na kira shugaban sai ya ce bai aiki kowa ba, ashe takardun shaidar kammalawa ake son ƙirƙira. Hatimin sa hannu, mai hannun kaɗai ake yi wa, shi kuma ake miƙa wa. Na lauyoyi ƙungiyarsu ta NBA ce ke bayarwa, ba aikin shago ba ne. Tambarin Najeriya mai dawakai biyu da gaggafa akwai dokar da ta tsare shi, ba a sa wa ƙungiya ko ɗan kasuwa don ado. Mai kamfani ya nuna maka takardar rajistarsa ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka kwafi suna da lamba daga jikinta. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce ba dole ne kamfani ya mallaki hatimi ba, amma har yanzu suna yi, don abokan hulɗa na son gani.

Ka sayi babban littafi mai bango. Kowane hatimi ka gama, ka buga shi a ciki, ka rubuta kwanan wata, sunan wanda ya karɓa da lambar wayarsa, ya sa hannu, wasiƙar kuma ka ajiye a fayil. Ranar da 'yan sanda suka zo da wata takarda suna tambaya, littafin nan ne zai fid da kai. Fim da aka gama da shi da hatimin da ya lalace, a daddatsa su da almakashi kafin a zubar, kada yara su tsinta a bola.

Wajen kuɗi, ka lissafa mariƙi, ruwa, fim, man janareta da na mota zuwa Kano, ka ƙara kason aikin da kan lalace, sannan ladan hannunka. Farashin kaya na bin dala, don haka ka sake lissafi duk sanda ka yi sari. A ba da rabi kafin a fara, domin hatimin da aka rubuta wa sunan wani ba ya sayuwa ga kowa. Ka haɗa da ƙarin tawada, canjin kushi, buga rasit, katin shaida da katin gayyata, su ne ke riƙe shago a watannin da makarantu ke hutu.