Fitilar 4WD tana ƙyafce-ƙyafce? Kurakuran da ake yi wajen gyaran aktuwetar tsohuwar Hilux

Damina ce ke tona asirin giyar ƙafa huɗu. Mota ta yi rani tana yawo a kan kwalta babu wanda ya taɓa ƙaramar giyar, sai ranar da ta nutse a laka a hanyar ƙauye direba ya ja ta zuwa H4, wato giyar ƙafa huɗu. Koriyar fitilar dashbod ta shiga ƙyafce-ƙyafce, tayoyin baya suna ta juyawa a wuri ɗaya, na gaba kuwa ko motsi. Daga nan ake cewa aktuweta, na'urar da ke ƙulle ƙafafun gaba su ja, ta mutu. Sau da yawa ba ta mutu ba, sanƙarewa ta yi, kuma mutum zai iya tayar da ita a gida. Abin da ke damuna shi ne yadda gaggawar mai gyara ke ƙarasa kashe abin da tsatsa ta bari da ransa.

Zan yi magana ne a kan Toyota Hilux ƙirar 2005 zuwa 2015, wadda ake kira Vigo, tunda ita ta cika hanyoyinmu. A irin wadda ke da tsarin da Toyota ke kira ADD, mai haɗa ƙafafun gaba da raba su da kansa, idan ka ja giya zuwa H4, akwatin raba ƙarfi da ke bayan giyabos yana haɗa farfelar gaba. Wani ɗan makunni a jikin akwatin sai ya sanar da kwamfutar 4WD, ita kuma ta tura wuta zuwa aktuwetar da ke manne a aksul ɗin gaba. Cikinta akwai ƙaramar moto da haƙoran giya da wani ƙarfe mai baki biyu, wanda ke tura zobe ya ƙulle sandar ɗaya daga ƙafafun gaba. Muddin zoben nan bai shiga ba, ƙafafun gaba biyun ba za su ja ba, ko da farfela tana juyawa. Ƙyafcen fitila yana nufin an ba da umarni amma aikin bai kammala ba.

Kafin komai, leƙa ƙarƙashi ka tabbatar motarka tana da aktuwetar ma. Wasu Hilux ɗin ba su da ita, wasu kuma a tsakiyar tayar gaba ake murɗa makullinsu da hannu, irin na Land Cruiser 70. Tsofaffin Hilux na kafin 2005 da Mitsubishi Pajero da yawa da zuƙar iska suke aiki, don haka a can siraran tiyo da suka tsage ake fara nema.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne ɗaukar sifana tun ba a san inda ciwon yake ba. Fara da abin da ba ya buƙatar kwance komai: fiyus, ƙarfin batir, sannan soket ɗin aktuwetar. Zare shi ka duba da tocila. In ka ga kore-kore a bakin ƙarafunan ko laka ta bushe a ciki, ka wanke da ruwan feshin wanke wayoyin wuta, ka bari ya bushe, ka mayar. Bayan haka ka kashe inji, ka ja burkin hannu, ka sa waigi, ka bar giya a H4, ka kama farfelar gaba ka gwada juya ta. In ta ƙi juyawa, akwatin raba ƙarfi ya yi nasa, matsalar tana gaba. In ta juya sakayau kamar tana H2, giyar ƙafa biyu, to ka rabu da aktuweta, ba laifinta ba ne. Sai kuma ka sa wani ya buɗe makulli ya riƙa sauya giyar kai kana saurare a kusa da aksul. Jin ƙarar moto alama ce wuta tana zuwa. Shiru kuma yana iya zama daga makunnin nan na jikin akwati, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da na aktuweta ba, kuma mitar auna wuta za ta nuna maka lafiyarsa cikin minti biyu.

Wani lokaci ma babu abin da ya lalace. Haƙoran zoben ne ba su yi daidai da na sandar ba saboda mota tana tsaye cak. Miƙe sitiyari, ka ɗan gangara gaba a hankali, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka ɗan yi baya. Idan kuma ƙin fita ta yi daga H4, galibi an yi tafiya da ita ne a kan kwalta, ko tayoyin gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, sai ƙarfi ya taru ya matse haƙoran. Sauka kan yashi ka yi baya kaɗan, za ta saki.

Guduma fa? Ɗan ƙwanƙwasawa da ƙotar sukundireba yayin da wani ke sauya giya yakan farkar da moton aktuwetar da ta kwana biyu ba ta juya ba. Amma murfin roba ne. Ka tsaga shi, ruwa ya sami ƙofa.

Na sha ganin an jona waya kai tsaye daga batir ana tsikarar bakin soket ɗaya bayan ɗaya, wai ana neman wanda zai yi motsi. Wannan ɓarna ce. Biyu kawai daga cikin ƙarafunan ne na moto, sauran na layukan da ke gaya wa kwamfuta inda aka tsaya ne. Nemi zanen wayoyin motarka ka gane su, ka raba soket da wayar mota gaba ɗaya don kada wuta ta koma wa kwamfuta, ka sa fiyus a wayar gwajinka. Kuma taɓawa ake yi a sake, ba a riƙewa, domin yanzu babu mai yanke wutar idan ƙarfen ya kai ƙarshe. Riƙewa na 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya cinye haƙori ko ya ƙona moto. Ka juya wayoyin biyu, sai ta koma baya.

In ta kama dole a buɗe, a nan ne ake yin kuskuren da ya fi wuyar warwarewa, wato buɗewa ba tare da yin alama ba. Haƙoran ciki da 'yan yatsun tagulla da ke gogar layukan wuta suna da zaman da aka saita musu. Ka ɗaga giya ɗaya ka mayar da ita ta goce da haƙori biyu, moto za ta riƙa tsayawa tun zobe bai shiga ba, ko ta ci gaba da turawa bayan ya shiga, fitila kuma ba za ta daina ƙyafce ba. Sai ka ɗauka gyaran ne bai yi ba, alhali zaman ne ya ɓace. Saboda haka ka mayar da mota H2 in tana yarda, ka ɗauki hoto da wayarka da zarar murfi ya tashi, ka ja layi da fenti a inda haƙoran suka haɗu, sannan ka taɓa wani abu. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasa, don akwai ƙananan abubuwan da in suka faɗa cikin yashi sai dai haƙuri.

Abin da za ka tarar a ciki kusan kullum ɗaya ne: tsohon giris ya daskare kamar sabulu, layukan tagulla sun yi baƙi, wani lokaci har da ruwa mai launin tsatsa. Kwashe tsohon giris ɗin tas. Layukan kuma da sanfefa mafi laushi za ka goge su, sama-sama, don ba su da kauri, mai kaushi zai cinye su. Duba inda ƙafafun moto biyu suke haɗuwa da layukan, wurin yakan saki ko ya ci tsatsa, kuma liƙe shi da dalma ya tayar da aktuwetoci da yawa da aka riga aka yanke musu ƙauna. Wajen sabon giris kada ka cika hannu. Shafa kaɗan mara kauri a haƙora, irin wanda ba ya cin roba. Baƙin giris mai nauyi na aksul zai riƙe ƙaramar moton, kuma in ya malale kan layukan wuta an koma gidan jiya.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: ta ina ruwan ya shiga? Aktuwetar tana da ɗan siririn tiyo na shaƙar iska da ke hawa sama zuwa wajen inji. Zafi da shekaru suna busar da shi ya tsage, ko ya zame daga bakinsa. Aksul ya yi zafi, ka faɗa rafi ko ka kai ta wanki a buga mata ruwan inji, sai cikin ya huce ya zuƙo ruwa. Wanda ya wanke ciki ya bar tiyon nan a tsage, damina mai zuwa zai sake kwancewa. Canja shi, ka ɗaure bakinsa, ka kai ƙarshensa sama.

Wajen mayarwa, ka tabbatar bakin ƙarfen ya zauna cikin kwarin zoben, kuma dukansu suna matsayi ɗaya. In aktuwetar ta ƙi zama daram da hannu, kada ka ja ta da noti, ciro ta ka sake dubawa. Kankare tsohon gam, ka sa sabo siriri, don rarar da ta matso ciki tana iya gutsurewa ta bi mai. Ka duba man aksul ka cika abin da ya zube. In ka ga man ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, a juye shi duka. Kuma don Allah kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita.

Masu Prado 120 da 4Runner na 2003 zuwa 2009 su kula, su akwai aktuwetar da take a jikin akwatin raba ƙarfi, kuma sandarta tana maƙale da kayan ciki. Ba a fizgo ta daga waje. Cire ta gaba ɗaya aikin raba akwatin ne, wannan kam a kai wa bakaniken da ya saba.

In moto ta ƙone ko haƙori ya karye, sai saye. Ka tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da tsohuwar a hannu, ka gwada soket da soket, ramin noti da ramin noti, ka sa a jarraba maka ita gaba da baya kafin ka biya, tunda ta hannu ma ta iya shan nata ruwan a wata ƙasar. Bayan an ɗaura, littafin motar ya ce a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 a giyar ƙafa huɗu kowane wata domin mai ya zagaya kayan gaba. A hanyar burji ko yashi za ka yi ta, ba a kan kwalta ba, ka shiga H4 ka fita sau uku ko huɗu kana kallon fitilar ta tsaya cak kowane karo.