Yadda ake rubuta sharhi kan gidan abinci a Legas

Ana ta tambaya ta wannan a WhatsApp, to ga shi:

1. Je ka ci da kanka, ban da "an ce".
2. Ɗauki hoto kafin ka sa hannu.
3. Rubuta sunan wurin da unguwa, Agege ne ko Obalende ko Idi-Araba.
4. Faɗi abin da ka ci da farashinsa.
5. Fayyace ɗanɗano: tuwon da gudaji? Yajin miyar irin na Yarbawa ne mai sa hawaye? Naman ya dahu?

Hattara, nan ake kwafsawa: in gosulo ya gasa ka ka iso da yunwa, ko gaya ma daɗi zai maka, bari sai ka natsu.

6. Ambaci tsafta da daɗewar jira.
7. In kyauta aka ba ka, ka faɗa.