Wa Za Ka Bi? Shawara Ga Ɗan Katolika Daga Bauchi Da Gombe Da Ya Sauka Ƙasar Waje

A gida ba ka taɓa zama ka tambayi kanka wace coci ce taka ba. Ko a Yelwa ka tashi, ko Tafawa Ɓalewa, ko Billiri, ko Kaltungo, katekis ya san mahaifinka, 'yan Zumuntar Mata sun goya ka, fada kuma ko bai riƙe sunanka ba ya san fuskarka. Ranar da jirgi ya sauke ka, duk wannan ya yanke. Ga sanyi, ga kaɗaici, ga lambar wayarka ta shiga rukunin addu'a uku a WhatsApp ba ka san wanda ya sa ka ba. A irin wannan lokaci, wanda ya fara miƙo maka tuwo da miyar kuka shi zuciya take ba amana, kuma nan ne mutanenmu da yawa suke sakin hanya, alhali ba su yi niyya ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, dogara ga Allah bai hana bincike ba. Wasiƙar Yahaya ta fari, sura 4, ta ce a gwada ruhohi a gani ko daga Allah suke. Ikilisiya kuma ta tanadi hanyoyin gwajin.

Aikin daga gida yake farawa. Je farish ɗin da aka yi maka baftisma, wato inda sunanka yake cikin littafin rajista, ko da ka daɗe da barin garin. A gefen sunanka ake rubuta sakramen ƙarfafawa da aure, don haka takardar da ta fito daga can ita ce shaidarka a ko'ina a duniya. Duba rubutun sunan da ranar haihuwa, su yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Yohanna a wata takarda, John a wata, ya isa ya tsayar da shirin aure na watanni. Karɓi wasiƙar gabatarwa daga fadan da ya san ka, ka ɗauki hoton takardun a waya, ka kuma bar wani ɗan'uwa da ya san ofishin farish ɗin, domin idan aure ya zo yawancin dayosis na waje sabuwar takardar baftisma suke nema, wadda ba ta wuce wata 6 da fitarwa ba. Tsohon katin da ke cikin akwatin Mama ba zai wadatar ba.

Da ka isa, sai neman coci. A Ingila tsofaffin coci-cocin dutse masu dogon hasumiya yawanci na Angilikan ne, ko da sunan Maryamu ko Bitrus ke jikin allon. Wasunsu suna kiran sujadarsu Misa, suna kiran limaminsu fada, suna ƙona turare, har da gumakan waliyyai. A Jamus da Holan da Suwizalan akwai masu kiran kansu Tsofaffin Katolika, waɗanda ba sa ƙarƙashin Fafaroma. Gwaji biyu ne. Na farko, buɗe shafin intanet na dayosis ɗin garin, ka ga ko sunan cocin yana cikin jerin farish ɗinsu. Na biyu, kasa kunne a babbar addu'ar da fada yake yi a bagadi: zai ambaci sunan Fafaroma, sannan sunan bishop na wurin. Leo na 14 aka zaɓa Fafaroma ranar 8 ga Mayu 2025. Inda aka tsallake sunan Fafaroma, tsaya ka tambaya kafin ka tashi zuwa karɓar Jikin Kristi. Akasin haka ma yana faruwa. Ɗalibin da ya je Masar ko Lebanon ko Indiya zai tarar da Kibɗawan Katolika, da Maroniyawa, da 'yan Siro-Malabar. Harshensu da tsarin sujadarsu daban ne da namu, amma suna tare da Fafaroma, Misarsu kuma ta cika maka wajibin Lahadi.

Abin da mutane kaɗan suka sani shi ne kana da fada tun kafin ka neme shi. Dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 102 da na 107, ta ce wanda ya zauna a wuri da niyyar yin wata 3 ya zama na farish ɗin wurin da bishop ɗinsa. Cike fom ɗin rajista da ke bakin ƙofa, ka tsaya bayan Misa ka gaida fada, ka ba shi wasiƙarka. Ranar da za a yi wa jariri baftisma, ko kana kwance a asibiti, ko ana neman sa hannun fada don yaro ya shiga makarantar Katolika, tambayar farko ita ce ko an san ka.

Za ka ji Misar ta yi maka sanyi. Babu ganga, babu rawar baiko, cikin awa ɗaya an watse, tsohuwar da ke kusa da kai ta ɗan gyaɗa kai ta wuce. Kada ka yanke hukunci cewa Ruhu ba ya nan. Akwai ofishin fada mai kula da 'yan Najeriya a Ingila da Wales, wasu manyan biranen Turai da Amurka ma suna da irinsa. Je can ka yi waƙa ka sha iska, ko da yake Hausa ba ta cika samuwa ba. Amma ƙafa ɗaya ta tsaya a farish ɗin unguwarku. Da ɗan gari akan ci gari.

Yanzu ga wurin da ya fi ciwo. Wani zai zo da farar kwala a wuya, yana jin Hausa, ya ce shi fada ne daga gida, zai yi muku Misa a falo. Mai yiwuwa gaskiya ne. Kowane fada mai tafiya yana riƙe da takardar shaida daga bishop ɗinsa ko shugaban ƙungiyarsa, ana ce mata selebret, kuma sashe na 903 ya ce kada ta wuce shekara ɗaya. Ba kai za ka tsare shi da tambaya ba, cikin ladabi ka ce, "Fada, bari in haɗa ku da fadan farish ɗinmu." Na gaskiya zai yi murna, domin shi ma hanyar da zai bi ke nan. Wanda ya fara kame-kame, ya ce Turawa ba sa gane irin hidimarsa, ka riga ka sami amsa. Aure kuwa, ko fadan na ƙwarai ne, idan ba fadan farish ko bishop na wurin ya ba shi izini ba, kuma babu shaidu 2, auren bai ɗauru ba a idon Ikilisiya. Haka sashe na 1108 ya tsara. Korar aljanu irin ta ƙa'ida ma sai fadan da bishop ya ba izini takamaimai.

Kuɗi yakan tona asiri da wuri. Ba a sayar da sakramen, kuma doka ta ce kada a hana matalauci saboda ba shi da abin bayarwa. Ba wanda ya isa ya yi ta tara kuɗi da sunan aikin coci ba da rubutaccen izinin bishop ba, ba ƙungiyar da za ta liƙa wa kanta sunan Katolika ba da yardar hukumar Ikilisiya ba. Duk wanda ya sa farashi a kan addu'a, ko ya ce ka shuka iri na fam 200 biza ta fito, karanta Ayyukan Manzanni sura 8 ka ga amsar da Bitrus ya ba Siman, wanda ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi. Batun takardun zama kuma na lauya ne. A Birtaniya laifi ne mutum ya riƙa ba da shawarar shige da fice ba rajista. Tambayi farish su nuna maka Caritas, ƙungiyar agaji ta Ikilisiya, ko ƙungiyar Vincent de Paul, ko ofishin 'yan Jesuit mai taimakon 'yan gudun hijira.

Rukunin addu'a ba laifi ba ne, 'yan Karismatik ma Ikilisiya ta san da su. Abin dubawa 'ya'yan itacen ne, kamar yadda Matiyu sura 7 ta faɗa. Shin fadan farish ya san da rukunin? Taronsu yana cin lokacin Misa? Shugaban yana karɓar gyara, ko kullum "Ubangiji ya gaya mini"? Ya taɓa ce maka uwarka a Bauchi ce ta ɗaure ka, ka daina ɗaukar wayarta? Ya ce ka bar maganin asibiti? Ya ce kada ka gaya wa kowa abin da ake yi? Ɗaya daga cikin ukun ƙarshe ya isa ka fita, ba sai ka yi sallama ba. Game da wahayi da saƙonnin da ke yawo a Facebook da YouTube, Katekizim, littafin koyarwar Ikilisiya, a lamba 67 ya bayyana cewa wahayin da aka yi wa wani mutum ba ya cikin tushen bangaskiya. Ko bayyanar Maryamu a Lourdes a 1858 da a Fatima a 1917, da Ikilisiya ta amince da su, ba a tilasta wa kowa. A Mayu 2024 Vatican ta fitar da sababbin ƙa'idojin tantance irin waɗannan abubuwa, binciken kuma a hannun bishop na wurin yake farawa. Saƙon da ya ce ka tura wa mutum 10 ko masifa ta same ka, goge shi.

To yaya za ka ji jagorar Allah a kan abin da ke gabanka, aiki, ko ƙaura zuwa wani gari, ko aure? Littafin Tobit ya ba da misali mai kyau: kafin Tobiya ya kama hanya, mahaifinsa ya kira abokin tafiyar ya tambaye shi asalinsa da danginsa, ashe mala'ika Rafayel ne. Tambayar ba ta kore shi ba. Waliyyi Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan Jesuit, ya bar wata ƙa'ida da ta dace da baƙo sosai: lokacin da zuciya take cikin duhu da ƙunci, kada ka sauya shawarar da ka yanke lokacin da take cikin haske. Watannin hunturu na farko, rana tana faɗuwa ƙarfe 4, ba lokacin barin karatu ko barin coci ba ne. Kowane dare ware minti 15: gode wa Allah, bi ranar daga safe zuwa dare, lura da inda ka sami salama da inda ta gudu, nemi gafara, miƙa gobe. Idan shawarar babba ce, rubuta amfani da illa a takarda, ka yi mako biyu kana addu'a a kai, ka kai wa mutum biyu da ba su da riba a ciki. Abin da ya saɓa wa dokokin Allah ba ya buƙatar wannan dogon aiki. Auren takarda, alal misali, ƙarya ce a gaban hukuma, ba aure ba ne kuma a gaban bagadi.

Mai ba ka shawarar ruhaniya zai iya zama fada, ko sista, ko dattijon da aka horar. Na kirki ya fi sauraro fiye da magana, ba ya yanke maka hukunci, ba ya shiga aljihunka, ba ya jin haushi idan ka nemi ra'ayin wani. Ganawa sau ɗaya a wata ta isa, a wuri buɗaɗɗe. Idan wani, ko mai kwala ne, ya taɓa ki ko ya matsa miki, a Ingila da Amurka da ƙasashe da yawa kowace dayosis tana da jami'in kare yara da masu rauni, lambarsa tana manne a allon sanarwa na coci. Kira jami'in, ki kira 'yan sanda.

Sauran ƙananan abubuwa. A Jamus, ranar rajistar adireshi za a tambayi addininka. Idan ka ce Katolika za a cire harajin coci, kashi 8 ko 9 cikin 100 na harajin albashinka, ba na albashin ba. Wasu za su ce ka rubuta ba ka da addini. Kada ka yi. A Ingila da Wales an dawo da ƙin cin nama kowace Juma'a tun 2011. Idan aikin kula da tsofaffi ya cinye maka Lahadi, Misar yammacin Asabar ta wadatar. Dubai da Abu Dhabi suna da coci-cocin Katolika, Saudiyya babu. Inda zuwa Misa ya gagara ƙwarai, wajibin ya sauka, Ikilisiya ta shawarce ka ka keɓe lokacin addu'a kai kaɗai ko da iyalinka. Karatun Lahadi zagayen shekara 3 yake yi, Matiyu, Markus, Luka, don haka a yawancin Lahadi Bisharar da za ka buɗe a ɗakinka ita ake karantawa a babbar cocin Yohanna da ke Bauchi a safiyar nan.